Ganuwar Ajyad da Tambayar "Mu Su Wane Ne?": Darasi daga Siyasar Wajen Turkiyya

 

An umarce ni da in yi magana a kan yadda kallon da al'umma ke yi wa kanta yake juya akalar hulɗarta da ƙasashen waje. Na zaɓi Turkiyya, zan kuma fara daga garin da zuciyar kowannenmu take, wato Makka.

Duk wanda ya yi ɗawafi a shekarun nan ya ga hasumiyar agogo ta Abraj al-Bait. Inda take tsaye a yau, da can dutse ne, a kansa kuma akwai ganuwar Ajyad, wadda aka gina wajajen 1780 a zamanin Daular Usmaniyya ta Turkawa domin tsaron Harami. A watan Janairun 2002 hukumomin Saudiyya suka rushe ta, suka baje dutsen. Ankara ta yi tir da hakan, har ministan al'adunta, Istemihan Talay, ya kwatanta shi da rushe gumakan Bamiyan da 'yan Taliban suka yi a 2001. Saudiyya ta mayar da martani cewa ganuwar ba wuri mai tsarki ba ce, kuma alhazai na bukatar masauki.

Abin mamaki shi ne, gwamnatin da ta yi wannan kuka ta Bulent Ecevit ce, ɗaya daga cikin magada tafarkin Mustafa Kamal Ataturk na raba addini da mulki. Yaya aka yi waɗanda suka juya wa daular baya suka dawo suna kare kufanta?

Amsar tana cikin tarihi. Tun 1517, lokacin da Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar, sarakunan Santambul suke amsa laƙabin Hadimin Masallatai Biyu Masu Alfarma, har zuwa ƙarshen daular. Da aka kafa jamhuriya, sai aka sauya amsar tambayar "mu su wane ne?" baki ɗaya. Aka soke halifanci a 1924, aka bar rubutun Larabci aka koma na boko a 1928, aka mayar da kiran salla da Turkanci daga 1932 har 1950. Siyasar waje ta bi sahu: Turkiyya ta amince da Isra'ila a 1949, ta shiga ƙawancen NATO a 1952. Ba za a manta da tsoron Tarayyar Sobiyat a cikin wannan ba, amma ƙasar da ta ɗauki kanta Bature ba ta sha wahalar zaɓen abokai ba. Saboda haka ko a 2002, da harshen Turai aka yi kukan Ajyad, harshen kare kayan tarihi da ƙorafi a gaban UNESCO. An kare ganuwar ne a matsayin ginin Turkawa.

Sai dai akwai wata amsar da ba ta taɓa mutuwa a ƙauyukan Anatoliya ba. Najmuddin Erbakan ya fito da ita fili da ya zama firaminista a 1996: ya ziyarci Najeriya a shekarar, ya kuma jagoranci kafa ƙungiyar D-8 a 1997, wadda ƙasarmu ke cikinta. Sojoji suka tilasta masa sauka. Amma a watan Nuwamban 2002, wata goma bayan rushe Ajyad, jam'iyyar AKP ta Erdogan ta ci zaɓe, gadon Usmaniyya ya tashi daga abin kunya ya zama jari. Baturke Ekmeleddin Ihsanoglu ya zama babban sakataren ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a Jidda a 2005, shekarar da Ankara ta kira ta Afirka. Erdogan ya je Yamai a 2013, ya zo Abuja a 2016 da 2021.

Mai sauraro zai zaci wannan sauyi zai haɗa Ankara da Riyad. Akasin haka aka gani, domin sarakuna biyu ba sa zama a shimfiɗa ɗaya, kuma kowannensu na ganin shi ne ya cancanci jagorancin Musulmi. Suka saɓa a kan juyin mulkin Masar a 2013, da killace Katar a 2017, sannan kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya da ke Santambul a watan Oktoban 2018 ya kai zumuncin bakin kabari.

Duk da haka, a watan Afrilun 2022, hauhawar farashi a Turkiyya ta haura kashi 60 cikin ɗari, sai kotun Santambul ta miƙa shari'ar Khashoggi ga Saudiyya. Kafin watan ya ƙare Erdogan ya sauka Jidda, ya wuce Makka ya yi umara a ƙarƙashin hasumiyar da ta maye gurbin Ajyad. Magoya bayansa za su ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Abin da nake so mu ɗauka shi ne: asalin da al'umma ta yarda nata ne shi ke gaya mata abin da zai yi mata zafi, da wanda za ta kira ɗan'uwa, da harshen da za ta yi magana da shi. Aljihu kuwa shi ke gaya mata inda za ta tsaya. Kuma asalin nan ana jayayya a kansa a cikin gida, wanda ya yi rinjaye a gida shi ke riƙe akalar waje.

Mu dawo gida. Sardauna Ahmadu Bello yana cikin jagororin Rabiɗatul Alamil Islami da aka kafa a Makka a 1962, yana ƙin tallafin Isra'ila a Arewa alhali gwamnatin tarayya da na Kudu suna hulɗa da ita. Najeriya ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, ta maido a 1992. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigar da ƙasar cikin OIC ba tare da shawartar jama'a ba, ƙurar kuwa har yau ba ta lafa ba. Turkawa sun yi tasu jayayyar a akwatin zaɓe, wani lokaci da bakin bindiga, amma sun yi ta a fili. Mu muna ɓoye tamu, shi ya sa kowane mataki na waje yake komawa rigimar masallaci da coci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

'Yan'uwa, cikinmu akwai waɗanda gobe za su zauna a teburin shawara da Turkiyya ko Saudiyya, a kan jiragen yaƙi marasa matuƙa, ko guraben karatu, ko kujerun aikin hajji. Idan aka tarbe ku da maganar 'yan'uwantaka, ku amsa da fara'a, sannan ku tambayi abin da ke rubuce a takardar. Kafin nan kuma, mu zauna da 'yan ƙasarmu, Musulmi da Kirista, mu daidaita a kan abin da Najeriya take nema a duniya.

Allah Ya yi mana jagora.