Gasasshen Kifi Lokacin Tsinkar Auduga

Jama'a manoman auduga na Paraku da Jugu da ƙauyukan kewaye.

Yau ba maganar shuka ko feshi za mu yi ba, maganar abincin dare ce. Kun sani daga watan Nuwamba har zuwa Janairu kowa yana gona. Maigida yana tsinka, uwargida tana tsinka, sai rana ta faɗi a koma gida a gajiye. Sau da yawa sai a kwana da gari da ruwa, gama ba mai ƙarfin tsayawa kan tukunya. Mai aiki irin wannan kuwa yana bukatar abinci mai gina jiki. Kifi yana cikin irin wannan abinci, kuma gashinsa ba ya kai sa'a guda, har da gyara.

Kifin da ya fi dacewa shi ne mai farin nama, watau karfasa ko giwan ruwa. Ana kama karfasa a kogin Okpara kusa da Paraku, da kogin Weme wanda ya taso daga wajen Jugu. Akwai kuma kifin ƙanƙara da a ke kawowa daga Kwatano. Shi ma ya yi, amma a bari ya narke sarai kafin a sa masa yaji. In za ku saya, ku dubi idonsa, ya zama garau. Ku ɗaga murfin kunnensa, cikin ya zama ja. Ku danna jikinsa da yatsa. In wurin ya lotsa bai taso ba, ku bar wa mai shi kayansa.

To, a nan sai ku kasa kunne sosai, don wannan ita ce babbar magana. Akwai mutanen da su ke zuba maganin feshin auduga a rafi ko tafki, kifi ya taso sama, su kwashe su kai kasuwa. Irin wannan kifi yakan yi kyaun gani kamar kowane, gama yanzu ya mutu. Wuta ba ta kashe dafin da ke cikinsa, lemun tsami ma haka. In kun ga an tara kifi manya da 'yan mitsi-mitsi wuri guda, da araha wadda ta wuce hankali, ku yi tambaya. Ya fi kyau ku saya wurin masuncin da kuka sani.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A kakar auduga ta 1999 zuwa 2000, an ƙidaya mutum 37 da maganin nan endosulfan ya kashe a jihar Borgu, kuma da yawansu ta hanyar abinci ya shiga jikinsu. Gwamnatin Benin ta hana shi a 2008. Amma magungunan da suka maye gurbinsa su ma dafi ne. Saboda haka kada a jiƙa kifi, ko a ajiye mai ko gishiri, cikin galan ko gwangwanin magani, ko da an wanke shi sau goma. Kada a wanke famfon feshi a rafin da a ke su. Wanda ya taɓa magani ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci.

Ga yadda a ke gashin. A kankare ɓawon kifin, a cire kayan ciki, a wanke da ruwa mai tsabta. A tsaga shi da wuƙa sau uku a kowane gefe, har kusa da ƙaya. A daka tafarnuwa da citta da attarugu da 'yar albasa da gishiri. A matse lemun tsami 2, a zuba cokali 2 na man gyaɗa, ko man angurya wanda aka tace a masana'anta. A shafe kifin ciki da waje, a cusa yajin cikin tsagar, a rufe a kwanon abinci. Minti 20 zuwa 30 ya isa. In ya daɗe, tsamin yakan sa naman ya yi ta rugujewa a kan wuta.

Kafin nan an hura gawayi. A jira harshen wuta ya mutu, sai garwashi. Masu gaggawa su ne ke cin kifi baƙi a waje, ɗanye a ciki. A shafa wa wayar gashi mai, a ɗora kifin. Karfasa matsakaiciya takan ɗauki kamar minti 7 a kowane gefe. A juya sau ɗaya tak. In naman ya yi fari har ciki, yana rabuwa da ƙaya ba wuya, ya nuna.

A ci da zafinsa, da dafaffiyar doya ko wasa-wasa ko tuwon masara, a yanka tumatir da albasa a kai. A cire wa yara ƙaya, a kuma ba su rabo na kirki, kada a bar su da kai da wutsiya.

In kuwa wani ya ci kifi ya fara jiri, ko amai, ko jijjiga, kada a tsaya ba shi madara ko manja. A kai shi asibiti mafi kusa nan da nan, a tafi da sauran kifin, a kuma gaya wa maƙwabtan da suka saya a wurin.