Lasifika Biyu, Amma Murya Ta Ragu

Duk wanda ya taɓa ratsa unguwar Deira a birnin Dubai, wajajen kasuwar Naif, ya ga yadda fatakenmu na Kano da Maraɗi suke cinikin amfilifaya da lasifika domin masallatai da wuraren taro. A can ne wani falke ya kawo mini kuka. Ya haɗa lasifika biyu sababbi ful, amma maimakon murya ta ƙaru, sai ta sirance, kaurinta ya tafi. Har ya ƙudura mayar da kayan.

Alhali kuwa kayan lafiyarsu lau. Sigina ce ta juye.

Ita lasifika tana yin sauti ne ta hanyar tura iska gaba da janyo ta baya. Idan aka sauya wa ɗaya wayoyinta, ja a gurbin baƙa, to yayin da wannan take turawa waccan janyewa take yi, sai su kashe wa juna aiki. Sauti mai kauri shi ya fi shan wahala, domin zangonsa dogo ne: mai kaɗawa sau 100 a daƙiƙa ya kai kusan mita 3.4.

Gwajin ba wuya. A cire lasifikar daga amfilifaya, a taɓa wayoyinta da batirin tocila mai bolt 1.5, jar waya a kan batirin, baƙa a gindinsa. Takardar lasifikar za ta zaburo waje. Wadda ta shige ciki, ita ce a juye.

Idan nan lafiya, sai a duba wayar XLR mai ƙafa uku. Sai a 1992 ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES ta tsayar da ƙafa ta 2 a matsayin mai ɗaukar sigina a miƙe. Kafin nan wasu kamfanoni ta 3 suke bi, kuma tsofaffin kayansu suna nan suna yawo.

A cikin amfilifaya kuwa, ina jan kunnen masu gyara: juyewa ba kullum take zama aibu ba. A 1927 Harold Black na kamfanin Bell a Amurka ya gano cewa mayar da wani ɓangare na sigina baya, a juye, yana tace murya. Shi ya sa a ɗan guntun nan mai lamba 741 ake mayar da ita ta ƙafa ta 2. Wanda ya yi karambanin kai ta ƙafa ta 3, ko dai na'urar ta ƙame, ko ta kama kuwwa.

Shi kuwa falken namu, wayoyi biyu kawai muka sauya, murya ta dawo.