An Sa Masa Sabon Ƙugu, Ya Dawo Gida: Me Ya Rage Mana?

Yau za mu yi magana a kan tiyatar sauya gaɓar ƙugu, da abin da ke biyo bayanta idan marar lafiya ya dawo ƙauye.

Gaɓar ƙugu kamar taɓarya ce a cikin turmi. Kan ƙashin cinya zagayayye ne, yana juyawa cikin wani rami a ƙashin kwatangwalo. Idan kan ƙashin nan ya lalace, likita yakan yanke shi, ya sa na ƙarfe, ya shimfiɗa wa ramin ƙoƙo na roba mai ƙarfi. Wani likita a Ingila mai suna John Charnley ne ya daidaita wannan aiki a 1962. A wajenmu ana yin sa a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya.

Mutane iri biyu muka fi gani suna bukatarsa. Akwai tsofaffi, yawanci mata, da sukan zame su faɗi, wuyan ƙashin cinya ya karye. Sai kuma samari da 'yan mata masu amosanin jini, wato sikila. Jininsu yakan toshe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da kan ƙashin, sai ƙashin ya mutu a hankali. Yaro ya fara ɗingishi, a ce sanyi ne, a yi ta gashi da tsaga shekara da shekaru. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar sikila, don haka da wuya a sami ikkilisiyar da abin bai taɓa ba.

Ga abin da ya dame mu. Iyali sukan sayar da shanu, su jinginar da gona, ikkilisiya ta yi baiko na musamman, a haɗa kuɗin aiki. Ranar da aka sallamo marar lafiya sai kowa ya ce an gama. Alhali warkewar a gida ake yin ta, kuma gidajenmu ba a shirya su don mai sabon ƙugu ba.

Ku duba yadda muke zama. A tabarma muke cin tuwo. A tsugune muke shiga masai. Mace takan zauna a 'yar kujerar tsugunno ta yi girki, ta sunkuya ta yi shara, ta durƙusa ta gai da surukai. Duk waɗannan suna lanƙwasa ƙugu sosai, kuma a makonni 6 zuwa 12 na farko naman da ke riƙe da gaɓar bai gama haɗewa ba. Idan gwiwa ta ɗara ƙugu tsawo, ko aka harɗe ƙafa, ƙwallon ƙarfen zai iya fita daga ƙoƙonsa. Alamar ba ta ɓuya: zafi mai tsanani farat ɗaya, ƙafar ta gajarta ta juya, mutum ya kasa tsayuwa. Idan haka ta faru, kada a kira mai ɗori, kada a ja ƙafar. Muna girmama masu ɗori, amma abin da ke ciki ƙarfe ne, sai an sa mutum barci a asibiti kafin a mayar da shi.

Saboda haka shirin ya fara tun marar lafiya yana asibiti. A kira kafinta ya yi kujera mai tsayi, mai rami a tsakiya da abin dafawa, a ɗora a kan masai. A ɗaga gado da bulo ko katako. A samo kujerar zama mai hannu wadda ba ta nutsewa. In zai kwanta, a sa matashin kai tsakanin ƙafafunsa. Ku surukai, ku yafe durƙuson nan na wata uku, ku faɗa da bakinku, domin amarya ba za ta roƙa ba. A majami'a ma a ba shi kujera kusa da ƙofa, ya yi addu'arsa a zaune. Likitoci sun bambanta a kan dokokin nan bisa ga ta inda suka yanka, don haka a tambayi wanda ya yi aikin, a rubuta abin da ya ce.

Haɗari na biyu shi ne ƙwayoyin cuta. Ƙarfe ba shi da jinin da zai kare kansa, in ƙwayar cuta ta manne masa, ƙwayoyin kemis ba sa fitar da ita, wani lokaci sai an sake buɗewa an cire komai. Kada a shafa wa ɗinkin sassaƙe ko man shanu ko toka. Akan cire zaren bayan kamar mako biyu, a wurin ma'aikacin lafiya. In wurin ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya zo, a tafi asibiti ran nan. Mun saba cewa kowane zazzaɓi na sauro ne, amma ban da na mai sabon ƙugu, sai an gwada. Ko bayan shekaru, ruɓaɓɓen haƙori ko gyambo a ƙafa na iya tura cuta ta jini zuwa gaɓar. Masu sikila sun fi kowa shiga wannan haɗari. Su riƙa shan ruwa da yawa, su kiyayi sanyin hunturu.

Akwai kuma gudan jini. Tausayi kan sa mu ce, "Baba, kwanta ka huta." To, doguwar kwanciya ce ke sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu, kuma yana kisa. Shi ya sa a asibiti ake tayar da mutum tun washegarin aiki. A gida ya riƙa zagaya tsakar gida da sandunansa sau da yawa a yini, ya yi motsa ƙafar da masu gashin ƙashi suka koya masa, ya shanye maganin tsinka jini har ƙarshe. Sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya soma yankewa, ko ƙirji ya ɗaure, wannan ba ya jiran gari ya waye.

Nan ne damuwarmu ta musamman take. Kun san hanyoyinmu, akwai waɗanda ba a bin su da dare saboda 'yan bindiga. Shawararmu ita ce, in da hali, marar lafiya ya yi makonnin farko a gidan ɗan'uwa a Kano, Zariya, Funtuwa ko Malumfashi. Ranar dawowa a ɗauki mota, ya zauna gaba a miƙe kujerar. Kada a ɗora shi a babur. Kuma tun ranar da ake tara kuɗin aiki, ma'ajin ikkilisiya ya ware na komawa ganin likita da na hoton ƙashi, don a nan ne yawancin iyalai suke sarewa.

Samari sukan tambaye mu ko za su koma gona. Tafiya da ƙananan ayyuka sukan dawo cikin wata uku, ƙarfin ƙafa kuwa yana iya ɗaukar shekara. Binciken da aka buga a 2019 ya nuna fiye da rabin irin waɗannan gaɓoɓi suna kai shekara 25, amma wanda ke huɗa da garma da ɗaukar buhun masara zai cinye tasa da wuri, aiki na biyu kuma ya fi na farko wuya da tsada. Mai shekara 25 yau, sai iyali su zauna da shi a yi tunanin sana'ar da ba ta sunkuyo, kamar tireda ko gyaran waya, ƙungiyar matasa kuma ta yi masa gayya a daminar farko.

Duk wanda ke da ɗan gida mai jiran wannan aiki, ya tsaya bayan an tashi, mu nuna masa awon kujerar masai da zai kai wa kafinta.