Ma'aikaci da Lafiyar Ƙwaƙwalwarsa a Zamanin Korona

 Mai girma shugaban taro, malamaina, shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago da ke tare da mu, 'yan uwa maza da mata.

An nemi in yi magana a kan matsin aiki da lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikata a lokacin annoba. Zan tsaya a kan korona, tunda ita muka gani da idonmu, kuma zan faɗi matsayata tun da wuri. Yawancin ma'aikatan da suka durƙushe a 2020, ba raunin zuciya ko ƙarancin tawakkali ne ya kayar da su ba. Yadda aka tsara musu aikin ne, kuma wanda ya tsara shi ke da alhakin gyarawa.

Mu tuna yadda abin ya zo mana. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da cutar a Legas. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Ogun da Abuja. Kano ta samu nata rabon ranar 11 ga Afrilu, kafin mako ya zagayo an hana fita, sai ga azumi ya kama. A waɗannan makonni ne gawarwaki suka yi ta kwarara maƙabartu, har daga baya ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a birnin, kuma rabi ko fiye na da alaƙa da cutar. Jama'a na kulle a gida, amma akwai waɗanda dole su fita.

Ku dubi ma'aikaciyar jinya a sashen killace marasa lafiya a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Ta sa rigar kariya wadda iska ba ta ratsa ta, ta rufe baki da hanci da takunkumi, ga safar hannu, ga gilashin ido da tururin numfashi ke rufewa. Gumi na gangara har cikin takalmi, ga ta da azumi a baki. Ko bayan gida ba ta son zagawa, domin in ta cire rigar sai sabuwa, sabuwar kuma ƙila babu. Ta tashi aiki ta iso gida, ƙaramin ɗanta ya rugo yana oyoyo, sai ta daka masa tsawa ya tsaya can, har ta tuɓe a bayan ƙofa ta yi wanka. A ɗakin tsakiya ga surukarta mai ciwon suga. Maƙwabta sun daina aiko yara. Da dare in ta yi tari sau ɗaya, barci ya ƙaurace ke nan. Washegari kuma a ce wata abokiyar aikinta ta kamu, don haka ita za ta haɗa aikin mutum biyu.

Me aka ba ta? Kuɗin kasadar aiki da likitan gwamnati ke karɓa a Najeriya kafin annobar naira 5,000 ne a wata. A kan wannan, da ƙarancin kayan kariya, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta tafi yajin aiki ranar 15 ga Yuni 2020, annoba na tsaka da ci. Mutane da yawa sun zage su. Ni ban ga laifinsu ba. Kuma su likitoci suna da ƙungiya, suna da murya. Mai sharar ɗakin marasa lafiya fa, da mai tura gado, da direban motar asibiti, da mai haƙa kabari wanda ya wuni yana sara ƙasa da diga ba wanda ya gaya masa abin da ke kashe mutanen? Waɗannan su ne aka fi ɗora wa kaya, su ne kuma ba a taɓa tambayarsu yaya suka kwana.

Masana sun daɗe da gano abin da ke karya ma'aikaci. A 1979 wani masani a Amurka, Robert Karasek, ya nuna cewa yawan aiki shi kaɗai ba shi ne babbar matsala ba. Inda ake shiga haɗari shi ne a jibga wa mutum aiki alhali ba shi da ta cewa a kan yadda zai yi shi, ko yaushe zai huta. Daga baya Johannes Siegrist a Jamus ya ƙara wani ɓangare: wahalar da ba a saka mata daidai, ko da kuɗi, ko da girmamawa, ko da tabbacin ɗorewar aiki. Korona ta haɗa wa ma'aikatanmu duka biyun lokaci guda, ta ƙara musu da tsoron kai wa iyali cuta. Rijiyar da ake ja dare da rana ba a bari ta tara, ƙarshenta guga ya dawo da laka. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta siffanta wannan hali a matsayin abin da aiki ke haifarwa, ta kuma ambaci alamunsa: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, ƙwazo ya ragu. Idan kun ga ma'aikaciyar da aka sani da tausayi ta koma yi wa majinyata tsawa, kafin ku ce ta lalace, ku duba jadawalin aikinta.

Akwai wani matsin da ba a cika lissafa shi ba, wato na wanda aka tsayar masa da aikin. An rufe makarantu a watan Maris, yawancinsu ba a buɗe ba sai wajen Oktoba, kuma ɗimbin malaman makarantu masu zaman kansu sun yi watanni ba albashi. Ɗan dako a Kantin Kwari da direban Adaidaita Sahu, waɗanda sai sun fita ake ɗora tukunya, aka ce su zauna a gida. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa sa'o'in aikin da aka yi asara a duniya a 2020 sun yi daidai da ayyuka miliyan 255. Magidancin da ya wayi gari ba kuɗin cefane, yara na kallonsa, shi ma matsin aiki ke cin sa. Waɗanda aka ce su yi aiki daga gida kuwa, musamman mata, sun haɗa ofis da girki da reno, wayar oga na shigowa har bayan Isha'i.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar, ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya. A wajenmu ba kasafai mutum zai buɗe baki ya ce damuwa ke damunsa ba. Amma jiki magayi. Sai ka ji ciwon kai da ba ya jin magani, ƙirji ya yi nauyi, barci ya gagara, jini ya hau, faɗa ya yawaita a gida. Sai a wuce kemis a sayo maganin barci. Tsoron kowa kada a ce ya samu taɓin hankali, a fara ambatar asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, a raina shi a wajen aiki, a guji auren 'ya'yansa. Wannan tsoro ba namu ne kaɗai ba. Dakta Lorna Breen, shugabar sashen gaggawa a wani asibiti a birnin New York, ta kashe kanta a Afrilun 2020, kuma danginta sun bayyana cewa ta ji tsoron neman taimako kada ta rasa lasisinta. Sai a 2022 Amurka ta yi doka da sunanta don kare lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikatan lafiya.

A nan ina so in taɓo haƙuri, kuma ina roƙon malamai su fahimce ni. Haƙuri da addu'a sun riƙe mutane da yawa a wancan lokaci, na kuma yi imani da amfaninsu. Abin da nake ƙi shi ne shugaba ya riƙe albashin wata uku, ya hana hutu, in an yi magana ya ce sai haƙuri. Wannan toshe baki ne. Addinin da ya hore mu da haƙuri shi ne ya tsananta a kan biyan haƙƙin ma'aikaci, bai kuma hana kowa neman magani ba.

Asibiti ba zai iya ɗauke mana wannan nauyi ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Maiduguri sun yi wa Arewa kaɗan. Dokar 1958 ta zamanin Turawa muka yi ta amfani da ita har Janairun 2023, lokacin da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Saboda haka rigakafin a wurin aiki yake. A Satumban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a kan haka, inda ta nemi a rage nauyin aiki, a kuma horar da shugabanni su iya gane ma'aikacin da ya fara gajiyawa. Ga masu lissafin riba, hukumar ta ce duniya na asarar ranakun aiki biliyan 12 duk shekara saboda damuwa da fargaba.

Abin da nake nema ba mai wuya ba ne. A tanadi kayan kariya tun kafin wata annoba ta zo, har da na mai shara. A rubuta jadawalin aiki tare da masu yin sa, a sa hutu a ciki. A faɗa wa ma'aikata gaskiyar halin da ake ciki kafin su ji a Facebook. A samar da wanda ma'aikaci zai gana da shi a asirce, ba tare da maganar ta shiga fayil ɗinsa ba.

Shugabannin ƙwadago, ga naku. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ta tanadi diyya a kan matsin ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo, a sashe na 8. Ku karanta wa mambobinku wannan sashe, ku bincika ko wuraren aikinsu na biyan kasonsu a asusun, ku kuma sa batun a teburin tattaunawa tare da batun albashi.