"Rigan Audu" ko "Rigar Audu": Nahawu da Hausar Zazzau



A Paki, da sauran garuruwan Ikara da Maƙarfi da Kudan waɗanda ke dab da iyakar Kano, kunne yakan ji "rigar Audu", yakan kuma ji "rigan Audu". Yaron da ya rubuta ta biyun a jarrabawa, jan biro ne rabonsa. To, shin yaron ya karya dokar nahawu ne? Amsar ta danganta da abin da ake nufi da nahawu.

Turawan farko da suka nazarci Hausa, irin su J. F. Schön wanda ya fitar da littafin nahawunsa a 1862, da ma'aunin harsunan Turai suka zo. Malaman zaure kuwa da ma suna da nasu, wato na Ajurumiya da Alfiyyar Ibn Malik, inda aka kasa kalmomi uku: isimu da fi'ili da harafi. Dukansu biyu aron riga ne aka yi wa Hausa. Sai a 1960 F. W. Parsons na Jami'ar Landan ya tsara aikatau na Hausa giredi bakwai, bisa ga wasalin ƙarshe da karin sauti, wato ya bar harshen ya nuna tsarinsa da kansa. A kan wannan turba M. K. M. Galadanci ya bi a littafinsa na 1976. A Amurka kuma, tun 1957 Noam Chomsky ya fara ɗora harsashin ra'ayin cewa nahawu dokoki ne da ke cikin kan mai harshe, waɗanda da su yake ƙera jimlolin da bai taɓa ji ba.

In an auna da wannan ra'ayi, yaron Paki bai yi kuskure ba. Dalili kuwa shi ne, a Daidaitacciyar Hausa mahaɗi iri biyu ne: -n, wanda ya samo asali daga "na", don namiji da jam'i, da -r, daga "ta", don tamata. A Zazzaganci wannan bambanci ya raunana, -n ta mamaye gurbin 'yar'uwarta. Mai cewa "rigan Audu" zai ce "motan Audu", ya ce "gonan Audu", ba ya tuntuɓe ko sau ɗaya. Abin da ke tafiya bisa tsari haka doka ce, ko da ba ita makaranta ta zaɓa ba. (Su ma Kanawan, a baka "rigas sarki" sukan ce, a takarda ne -r take zaune daram.)

Amma malamin da ya ja biron yana da tasa hujjar, kuma ba ƙarama ba ce. A dubi "matar Audu" da "matan Audu". Bazazzagi in yana magana ba ya rikita mai sauraro, domin a tilo muryarsa ƙasa take farawa, a jam'i kuwa sama. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti. Saboda haka in ya rubuta "matan Audu", mai karatu a Katsina ba zai san mace guda ake nufi ba ko huɗu, alhali kuwa a takardar rabon gado wannan ba abin wasa ba ne.

Abin mamaki, ita Daidaitacciyar Hausar da aka gina kan Kananci, a ƙasar Zazzau ta yi ƙarfi. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945.

Abin da ya rage wa malamin aji shi ne gyara lafazinsa. In ya ce wa yaro "Hausarka ba daidai ba ce", ya kushe harshen uwa da uba, kuma babu mazhabar nahawu ta zamani da za ta goyi bayansa. In kuwa ya rubuta "rigan" da "rigar" gefe da gefe a allo, ya nuna wadda ake faɗa a gida da wadda ake rubutawa, ya koyar da jinsi da karin harshe a darasi guda.