Tantance Saƙo Kafin a Tura: Lacca ga 'Yan Kasuwa da Matasan Adjamé da Treichville

Maganata a yau a kan saƙo ce, na rubutu ko na murya, da abin da ya wajaba mutum ya yi kafin ya tura shi.

Da yawanku ba ku manta da 19 ga Mayu, 2021 ba. A ranar wani bidiyo ya karaɗe Facebook da WhatsApp, ana cewa ga 'yan Nijar suna azabtar da 'yan Kodebuwa. Kafin rana ta faɗi, fusatattun matasa sun far wa 'yan Nijar a Abobo da Yopougon da nan Adjamé. An fasa shaguna, an kwashe dukiya, an jikkata mutane da dama, har rai ya salwanta. Da hukuma ta bincika, sai ga shi tsohon bidiyo ne daga Najeriya, babu ruwansa da Nijar, babu ruwansa da Kodebuwa. Matar da ta yi amfani da shi ta tunzura jama'a, cikin 'yan kwanaki kotu ta ɗaure ta shekara 5. To amma ba ita kaɗai ta kai bidiyon wayoyin mutane ba. Kowane mai turawa ya sa hannu, kuma ɗan Nijar mai sayar da abincin garba a bakin titi, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ya kwana a ciki.

'Yan uwa, mun ɗanɗana wannan azaba, saboda haka mu ya fi kamata mu kiyaye. Kasuwanci ya kawo iyayenmu nan Kodebuwa, kuma jarin baƙo zaman lafiya da mai gida. Magabata sun ce magana zarar bunu ce. Saƙon murya da ka ɗauka cikin fushi a shagonka na kasuwar Forum ko babbar kasuwar Treichville, kafin ka rufe shago an saurare shi a Maraɗi da Kano. Ko ka goge, wani ya riga ya adana.

Abu uku nake roƙo. Na farko, ka tambayi wanda ya turo maka: ina aka ɗauki wannan, yaushe, wa ya gani da idonsa? Idan amsar ita ce "haka na samu", to ya tsaya a wayarka. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincika labari, don kada mu cutar da mutane cikin rashin sani mu dawo muna nadama.

Na biyu, kada ka rubuta kana cikin fushi. Rikicin bashi ko na gado, ka je ka sami mutum, ko ka sa dattijo a tsakani. Zauren WhatsApp na 'yan garinku ba wurin tona asiri ba ne.

Na uku, masu aika imel ga dillalai da masu fitar musu da kaya daga tashar jiragen ruwa, ku sake karanta sunan wanda za a aika wa, da adadin kuɗi, da lambar asusu. Idan saƙo ya zo cewa an canza asusu, ku kira mutumin ku ji muryarsa tukuna, domin ta nan 'yan damfara ke shigowa.

Ku kuma sani ƙasar nan tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2013, kuma akwai sashen PLCC da ke bin sawun irin waɗannan laifuka.

Iyaye, ku koya wa yara wannan tun ranar da kuka saya musu waya. Limamai, ku sa shi cikin huɗuba. Abin da ba ka tabbatar ba, kada ka tura. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.