Wadar Zuci a Bangaskiyar Kirista: Darasi Daga Ƙasar Zuru



Tambayar da wannan lacca za ta duba tsohuwa ce, amma kullum sai ta sake tasowa. Shin mutum zai iya zama da farin ciki alhali kuwa albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, gonarsa kuma ba ta zuwuwa saboda tsoro? Masu bin Almasihu sun ce zai iya. Domin a gwada wannan magana, ya kamata a kai ta wurin da a ke rayuwa da ita, watau ƙasar Zuru a kudancin Jihar Kebbi.

Ƙasar da Mutanenta

Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, Danko-Wasagu, Fakai da Sakaba. Mazaunanta sun haɗa da Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da Fakkawa, da Dukkawa, da Kambari, da sauransu. Manoman dawa ne da gero, an kuwa san su ko'ina a Nijeriya da aikin soja. Bishara ta iso musu a cikin shekarun 1920 ta hannun 'yan mishan na United Missionary Society, wadda ta haifi ikkilisiyar UMCA, daga baya kuma ɗariƙar Katolika da waɗansu suka kafu. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, sai Hausa ta zama harshen karatu da wa'azi da waƙa a majami'u da yawa. Har wa yau, a gida ɗaya a kan sami Kirista da Musulmi da mai bin al'adar kakanni, suna cin tuwo tare.

Ma'anar Wadar Zuci

Wasiƙar da aka fi dangantawa da farin ciki a Sabon Alkawari ita ce ta Manzo Bulus zuwa ga Filibiyawa, ya kuwa rubuta ta yana ɗaure. A sura ta huɗu ya bayyana cewa wadar zuci abu ne da ya koya, a lokacin ƙoshi da lokacin yunwa. Kalmar da ya yi amfani da ita ta Helenanci ce, masu falsafar Sitoyik sun riga shi amfani da ita. A wurinsu, mai hikima shi ne wanda ya ishi kansa, ya kashe son abin duniya a zuciyarsa har babu abin da zai girgiza shi. Bulus ya karɓi kalmar, ya sāke mata tushe. Bai ce ƙarfin daga gare shi ya ke ba, ya ce daga Almasihu ne. Bambancin nan babba ne. Mai bin Sitoyik ya kan rage ƙauna don kada ya ji zafi, Kirista kuwa ya kan ci gaba da ƙauna, ya yi kuka in kuka ya kama, amma bai ɗora ransa a kan abin da ɓarawo zai iya ɗauka ba. Malaman Musulunci ma suna da babi mai faɗi a kan ƙana'a, Bahaushe kuma ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Golmo da Yakubu

Mutumin Zuru ba ya bukatar dogon bayani a kan jira. A al'adar golmo, saurayi ya kan yi wa iyayen budurwarsa noma tare da tsararrakinsa, bisa ga al'ada har shekara bakwai, kafin a ba shi ita. Idan aka karanta masa Farawa sura 29, inda Yakubu ya yi wa Laban barantaka shekara bakwai saboda Rahila, sai ya ji kamar labarin ƙauyensu ne. Littafin ya nuna cewa shekarun ba su yi wa Yakubu tsawo ba saboda yawan ƙaunarsa. Ga darasin: aikin yau da kullum ya kan yi daɗi idan mai yinsa ya san wanda ya ke yi domin sa. Haka nan bikin Uhola, da a ke yi bayan kaka, ya koya wa jama'a cewa godiya abin yi ne tare. Sujadar godiyar kaka a majami'a, inda manomi ke kawo damin dawa, tsohuwa ta kawo kaza, ta sami ƙasa wadda aka riga aka nome.

Soja da Ma'aikaci

A Luka sura 3, masu karɓar haraji da sojoji suka je wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi. Bai ce su bar aiki ba. Masu haraji ya hana su karɓar fiye da ƙa'ida, sojoji kuma ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya umarce su su dangana da albashinsu. Wannan magana ta shafi duk wanda ke riƙe da fayil ko bindiga. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, farashin abinci da kuɗin mota suka hau, aka kuma mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a 2024. A irin wannan hali jarabar cin hanci ta kan zo da fuskar bukata. Amma akawun da ya ɓoye fayil ɗin tsohon soja mai neman fansho sai an ba shi na goro, ya sayar da barcinsa da araha.

Abin da Wadar Zuci Ba Ta Nufi Ba

Wani ɗalibi zai ce, ashe wannan koyarwa ba hanyar rufe wa talaka baki ba ce? Tambayar tana da nauyi. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka auka wa ƙauyukan Danko-Wasagu, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 88. Wanda ya ce wa gwauruwar da ta rasa miji da rumbu ta yi murna kawai, ya yi mata zalunci. Bulus da kansa, sa'ad da aka yi masa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, ya ƙi fita kurkuku a ɓoye, sai da mahukunta suka zo da kansu suka ba shi haƙuri. Ya kuma ci abinci da sana'ar ɗinkin tanti. Saboda haka mai wadar zuci yana neman hakkinsa, yana neman ilmi, yana kiran hukuma ta tsare rayuka. Abin da ya ƙi shi ne hassada, da zari, da fid da zuciya.

Kammalawa

Wadar zuci koyonta a ke yi, makarantarta kuwa ita ce gona da ofis da ɗakin karatu. Ɗalibin da ya ƙi satar amsa, da ma'aikacin da ya sa hannu a takarda ba da toshiya ba, da matan zumunta da suka kai wa 'yan gudun hijira mudun hatsi, duk suna cikin ajin. Allah ya ba ƙasar Zuru salama, ya sa manoma su koma gonakinsu lafiya.